Ranar Da Bauchi Ta Rasa Sarki Sulaimanu

Mu da iyayenmu suka zo Bauchi fatauci suka zauna, sarakuna uku kawai muka sani. A 1982, lokacin da Sarki Adamu Jumba ya rasu, ina yaro ɗan makarantar Islamiyya, abin da na riƙe kawai shi ne malam ya sallame mu da wuri. Amma rasuwar ɗansa, Alhaji Sulaimanu Adamu, ranar Asabar 24 ga Yuli, 2010, bayan shekara 28 a kan gadon sarauta, wannan kam da idona na gani.

Ina rumfata a kasuwar Wunti labari ya iso. Ba wanda ya ce mini in rufe, na dai ga hannuna ya kai ga kwaɗo. Muka nufi ƙofar fada a ƙasa, Bagere da Bafulatani da Bajari da mu Hausawa, har da Inyamuran da muke ciniki da su. Na ga dattijo yana hawaye shiru, bakinsa na salati. Wasu mata suka ɗaga murya da kuka, nan take malamai suka tsawata, domin shari'a ta yarda da hawaye amma ta hana kururuwa da yaga tufa. Zaman makoki kwana uku ne, sai matan mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma, ko na sarki ne ko na talaka.

To, wannan ƙauna tana da tushe. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya karɓo tuta ya kafa garin nan, ya rasu a 1845, kuma har yau ana ziyartar kabarinsa a fada. A nan ne ake samun saɓani: wasu na cewa ziyara ce da addu'a, 'yan Izala na gargaɗi kada a wuce gona da iri. Ni dai ina ganin a yi wa mamaci addu'a, roƙo kuwa a kai ga Allah.

Dubi Ingila, Sarauniya Elizabeth ta rasu 8 ga Satumba, 2022, ba a binne ta ba sai 19 ga wata. A Kano kuwa, Sarki Ado Bayero ya rasu ranar Juma'a 6 ga Yuni, 2014, a ranar aka yi masa sutura a Nasarawa.

Nan Bauchi ma gado bai daɗe babu kowa ba. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Isa Yuguda ta sanar da naɗin ɗan marigayin, Rilwanu Sulaimanu Adamu. Muka koma ƙofar fada gaisuwa, wasunmu da rigar da muka je ta'aziyya.