Rikoda Mai Faifai Biyu: Me Ya Sa Muryar Ke Rawa?

Idan ka taɓa kunna tsohuwar rikoda mai faifai biyu ka ji muryar mawaƙi tana lilo kamar mai jin sanyi, kada ka yi saurin zargin lasifika. Yawanci matsalar tana wurin da ake jan tef ɗin ne.

Asalin na'urar daga Jamus take. A 1928 Fritz Pfleumer ya yi rajistar dabarar shafa garin maganaɗisu a kan siririyar takarda, sannan a 1935 kamfanin AEG ya nuna na'urar Magnetophon a baje kolin rediyo na Balin, BASF kuma ya samar da tef ɗin. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, wani sojan Amurka, Jack Mullin, ya kwashi guda biyu zuwa gida. Daga nan Ampex ya fitar da Model 200 a 1948, mawaƙi Bing Crosby ya zuba kuɗi a harkar don ya huta da yin shirin rediyo kai tsaye. Da irin waɗannan na'urori gidajen rediyo, har da na Kaduna da Kano, suka yi shekaru suna naɗar shirye-shirye.

Duk waɗannan injiniyoyi abu ɗaya suke fama da shi: dole tef ya wuce gaban kan da ke karanta sauti da gudu ɗaya, ko inci 15 ne a daƙiƙa, ko 7.5, ko 3.75. To ka lura, ba faifan da ke naɗewa ne ke tsara gudun ba, domin yana ƙara kauri yana ƙara ja. Aikin wata 'yar sandar ƙarfe ce da ake kira kafstan, da tayar roba da ke matse tef a jikinta.

Nan ne tsufa ke fara kamawa. Roba takan bushe ta yi santsi, ko ta lotsa a gefe ɗaya idan an bar ta a matse shekara da shekaru. Duk zagayen da ta yi sai murya ta ɗaga ta sauka. Idan lilon a hankali yake, duba tayar da bel ɗin inji. Idan kuwa karkarwa ce mai sauri, zargi datti a kan kafstan ko boris da ya bushe. Shi kansa bel yakan narke ya koma kamar kwalta, giris kuma ya daskare har maɓalli ya ƙi dannuwa. Tef ya zube ƙasa bayan ka tsayar da shi? Birkin faifan ne ya cinye.

Akwai wata da ke ruɗa ko ƙwararren makaniki. Wasu rikodojin Amurka gudun injinsu ya dogara da wutar can, mai bugu 60 a daƙiƙa, alhali tamu 50 ce. Ka jona irinsu a nan, gudu zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, muryar mace ta yi kauri, alhali ba lalacewar wani abu ce ta jawo hakan ba.

Amma mafi haɗari, a ganina, shi ne lokacin da na'urar lafiyarta ƙalau, tef ɗin ne ke ciwo. Tef da yawa na shekarun 1970 da 1980 an riƙe garin maganaɗisunsu da wani gam da ke shan laima. Bayan damina da yawa a cikin sito sai ya yi danƙo. Alamarsa ƙara mai tsini kamar kukan ɓera, gudu na raguwa, da baƙin datti a kan ƙarafan da ya goga. Wannan dattin shi ne sautin da kansa yake kankarewa, kuma idan kwafi ɗaya ne a duniya, shi ke nan. Da ka ji ƙarar, ka kashe.

Masu adana kayan tarihi kan gasa irin wannan tef a zafi kusan digiri 54 na awoyi da dama, ya bushe na ɗan lokaci, su kwafe shi zuwa kwamfuta. Ba aikin murhun gida ba ne. Tsohon tef na asitet kuwa, wanda haske ke ratsa shi idan ka ɗaga faifan, wani lokaci yana warin tsami, shi ba a gasa shi sam, zafi ƙara lalata shi yake yi.