Daga Sirdi Zuwa Kujerar Babur: Tarihin Hawa da Ado a Ƙasar Katagum

Gabatarwa

Masana tarihin ƙasar Hausa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan doki da raƙumi da jaki, sun kuma bayyana yadda jirgin ƙasa da ya iso Kano a shekarar 1911 ya sauya cinikin gyaɗa da fata. Amma babur, wanda a yau shi ke kai mai naƙuda asibiti, ya kai malami makaranta, ya ɗauko buhun gero daga gona, ba a cika waiwayarsa ba. Wataƙila kusancinsa da mu ne ya jawo haka, domin abin da ido ya saba gani kullum ba ya ɗaukarsa tarihi. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun babur a ƙasar Katagum, musamman Azare da Yana, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shira, mu duba abubuwa biyu: adon da ake yi masa, da dalilin da ya sa manyan babura na doguwar tafiya, waɗanda ake tinƙaho da su a Turai da Amurka, ba su yi saiwa a nan ba. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, babur bai shigo ya tarar da fili fetal ba. Gurbin doki ya tarar, kuma da idon da aka saba duban doki aka dube shi.

Ƙasar mahaya dawaki

Shira tsohon gari ne da ya girmi masarautar Katagum kanta. A farkon ƙarni na 19 Malam Zaki ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya haɗa Shira da Tashena da sauran garuruwan yankin a ƙarƙashin sabuwar masarauta mai iyaka da Borno. Zaman bakin iyaka kuwa zaman doki ne. Lokacin da Baturen nan Kilafaton ya sauka a Katagum a watan Janairun 1824, ya rubuta cewa sarkin garin yana iya fitar da mahaya dawaki kimanin 4,000 da dakaru 20,000. Ko da mun rage wani abu saboda ƙiyasin baƙo, adadin ya isa ya nuna mana matsayin doki a wannan ƙasa.

Doki kuwa ba a hawansa tsirara. Akwai sirdi da linzami da likkafa da majayi, waɗanda hawa ba ya yiwuwa sai da su. Akwai kuma jalala da bishiri da kalfazuru da tuntaye, waɗanda aikinsu shi ne su faɗa wa mai kallo ko wane ne a bisa. Dukawa da maƙera da maɗinka duk suna cin abinci a jikin doki guda. Bayan Turawa sun ci ƙasar, aka kuma mayar da fadar sarki daga Katagum zuwa Azare a 1916, yaƙi ya ƙare, sai doki ya koma abin hawan sarakuna da hakimai, ana ganin ƙawarsa ranar hawan salla. Sai dai ɗabi'ar ƙawata abin hawa ba ta mutu ba. Jira ta yi ta sami sabon jiki.

Zuwan babur

A Jamus aka fara ɗora inji mai shan fetur a kan ƙafa biyu, a 1885, a hannun Daimler da Maybach. Kamfanin Triumph na Ingila ya fara ƙera babur a 1902, Harley-Davidson na Amurka kuma a 1903. Sunan da muke kiransa da shi ya biyo wata hanya daban: kalmar babur daga Larabci muka aro ta, inda take nufin inji mai aiki da tururi, kamar na jirgin ruwa ko na ƙasa. Ɗaya sunan, wato mashin, daga Ingilishi ya zo.

A zamanin Turawa da farkon mulkin kai, keke ne abin hawan ma'aikacin En'e, har aka yi masa laƙabi da dokin ƙarfe. Wannan laƙabi kaɗai ya isa shaida a kan abin da muke faɗa, domin da doki aka auna shi. Babur a lokacin na 'yan ƙalilan ne. Abin da ya sauko da shi hannun jama'a shi ne baburan Japan masu sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, irin su Honda da Yamaha da Suzuki, da kuma Vespa ta Italiya wadda aka fara ƙerawa a 1946. Sai ga kuɗin man fetur, sai ga ƙarin albashin Udoji da ma'aikata suka karɓa a dunƙule a 1975. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauci, aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka kuma fara shirin ilimin firamare na bai-ɗaya. Waɗannan abubuwa sun haifar da sabon rukunin ma'aikata a karkara: hedimasta, malamin gona, malamin asibiti, malamin duba-gari. Da yawansu bashin babur suka karɓa, ana cirewa a albashi. Kasuwar ta yi ƙarfin da kamfanin Honda ya kafa reshensa na harhaɗa babura a Nijeriya a 1979, wanda ma'aikatarsa take Ota ta Jihar Ogun.

A wancan zamani shigar sabon babur ƙauye labari ne. Yara su kewaye shi, dattawa su sa albarka, mai shi ya bar ledar kujera ba ya cirewa har sai ta yayyage da kanta. Da yamma a wanke shi a ƙofar gida, a goge, a kafe shi a inuwa inda a da ake ɗaure doki a turke. Saurayin da ya je zance a kan Vespa ya riga ya faɗi rabin maganarsa kafin ya buɗe baki.

Ado iri biyu

A nan ya kamata mu kwatanta da abin da ya faru a wasu ƙasashe. A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samari da tsofaffin sojoji sun riƙa sayen manyan babura suna cire duk abin da suke ganin nauyi ne kawai. Daga baya suka riƙa yanke ƙarfen jikin babur suna sake walda shi, su tsawaita ƙafar gaba, su ɗaga hannuwa sama, su ƙanƙance tanki. Sunan da suka ba irin wannan babur ma daga kalmar sara ya samo asali, kuma fim ɗin Easy Rider na 1969 shi ya yayata shi a duniya. Manufar mai irin wannan babur ita ce ya nuna ya fita daga sahun jama'a, ba ya bin tsarin kowa.

Adonmu ya bi kishiyar wannan hanya. Mu ba ma ragewa, ƙarawa muke yi. Ana ɗinka wa kujera riga mai geza, a naɗe hannuwa da zare ko roba mai launi, a rataya tuntaye, a ƙara madubai da ƙananan fitilu, a sa ƙaho mai kukan mota, a shimfiɗa ɗan kilishi a kan tanki. Wanda ya san kayan doki zai gane su nan take: rigar kujera ita ce jalala, tuntayen hannu su ne na linzami, fitilun gaba kuma sun tsaya a inda kalfazuru yake tsayawa a fuskar doki. Ko a Ingila an yi samarin da suka cika Vespa da Lambretta da madubai da fitilu a shekarun 1960, amma nasu yayi ne na ƙuruciya da ya zo ya wuce. Namu gado ne da ya sauya mazauni.

Akwai kuma abin da ya fi shafar ɗalibin adabi, wato rubutun da ake yi a robar da ke bayan ƙafar babur ko a gefen tanki. Wani addu'a yake rubutawa, wani karin magana, kamar "Hassada ga mai rabo taki ce" ko "Mahakurci mawadaci", wani kuma habaici ne ga maƙiyin da shi kaɗai ya san shi. Wannan kirari ne. A da maroƙi ke yi wa mahayi kirari, yanzu mahayi ya ɗauki nasa ya liƙa a bayansa domin wanda ya bari a baya ya karanta. Hatta sukuwa ba ta ɓace ba. Wasan da samari ke yi da babura ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya, su ɗaga ƙafar gaba, su kwanta a kan kujera, jikan sukuwar salla ne, sai dai shi kwalta ba ta da sassaucin rairayi, kuma gidaje da dama sun yi zaman makoki a ranar da aka shirya ta domin biki.

Manyan babura da hanyoyinmu

Babur na doguwar tafiya wani jinsi ne daban. Misalinsa shi ne Electra Glide na Harley-Davidson da ya fito a 1965, da Gold Wing na Honda da ya shiga kasuwa a 1975. Gold Wing na yanzu injinsa mai silinda shida ne, girmansa ya haura sisi 1,800, nauyinsa ya wuce kilo 350, yana da akwatunan kaya da gilashin tare iska, har da hanyar ja da baya saboda ƙafar mutum ba za ta iya tura shi ba. An yi shi ne domin mai hali ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan shimfiɗaɗɗen titi don nishaɗi.

Mutanenmu sun san manyan babura, amma daga nesa. Sun gan su a ƙarƙashin 'yan sandan da ke share wa gwamna hanya da jiniya. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga wani nau'insu a tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya riƙa ratsa Agadas da hamadar Tenere shekara da shekaru kafin a ɗauke shi daga Afirka. A manyan birane irin su Legas da Abuja da Kano akwai masu hali da ke hawansu a ƙungiyance ranakun hutu. A 2022 wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan a kan babur ya iso Legas cikin kimanin kwana 40, domin wayar da kai a kan cutar shan-inna.

To me ya hana irin waɗannan babura zama a Yana ko Giyaɗe ko Jama'are? Ba kuɗi kaɗai ba ne, domin akwai masu sayen motocin da suka fi su tsada. Dalili na farko hanya ce: babur mai nauyin kilo 350 idan ya shiga yashi ko taɓon damina, sai an tara mutane kafin a tashe shi. Na biyu gyara: bakanike na bakin tasha zai iya warware injin ƙaramin babur da safe ya ɗaure shi kafin la'asar, da kayan da ke rataye a shagon maƙwabcinsa, alhali babba sai an yi odar kayansa daga waje. Na uku kuma, wanda muke ganin ya fi sauran nauyi, shi ne ma'anar tafiya. A al'adarmu tafiya tana da dalili: fatauci, neman ilimi, zumunci, ci-rani. Mutum ya hau abin hawa shi kaɗai ya yi nisa ba don komai ba sai don daɗin iska, wannan baƙon tunani ne. Mai arziki a nan yana son abin hawan da zai ɗauki jama'arsa, saboda girma a wurinmu da yawan mabiya ake auna shi.

Saboda haka baburin doguwar tafiya na haƙiƙa a ƙasar Katagum shi ne ƙaramin nan mai inji 100 ko 150, irin Jincheng na Sin da Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, wanda nauyinsa kusan sulusin na Gold Wing ne. Shi ma ana sauya masa halitta, amma don aiki: mai walda ya ƙara masa kariya mai faɗi, a ƙarfafa masa abin da ke ɗaukar nauyi a baya, a tsawaita kujera. Da haka yake ɗaukar buhu biyu, ko akuya a cikin kwando, ko magidanci da iyalinsa.

Daga alfarma zuwa neman abinci

Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 shi ya sauya matsayin babur. Motocin haya suka yi tsada, albashi ya daina kai wa ƙarshen wata, sai ma'aikaci ya fara ɗaukar fasinja da yamma a kan baburin da ya saya don mutunci. Haka acaɓa ta bazu a Arewa, kabu-kabu a Nijar, okada a Kudu. Abin hawan hedimasta ya zama jarin wanda ya gama makaranta bai sami aiki ba. Da aka tilasta sa hular kwano a watan Janairun 2009, an ga 'yan acaɓar da suka kifa ƙwarya a ka, abin dariya a ido, amma shaida ce ta talauci da rashin fahimtar haɗari.

Daga nan sai rashin tsaro ya shafa wa babur baƙin fenti. An hana hawansa a Maiduguri a 2011. A Kano an hana acaɓa a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A dazukan Zamfara da Katsina kuwa, 'yan bindiga a kan babura suke kai hari cikin ayari, kamar yadda mahaya suke yi a zamanin yaƙe-yaƙe. Ashe babur bai gaji adon doki kaɗai ba, har da aikinsa na farmaki ya gada. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ƙara wa mai neman halak da shi wani nauyin.

Kammalawa

Mun ga yadda babur ya shigo ƙasar da ta saba da doki, ya karɓi adonsa da kirarinsa da sukuwarsa, ya kuma haɗa da aikin jaki. Mun ga cewa manyan baburan nishaɗi ba su zauna ba saboda hanya da gyara da ma'anar da muka ba tafiya. Abin da ya rage shi ne aikin da ke kanmu. Malaman da suka karɓi bashin babur a shekarun 1970 suna ta ƙarewa, haka ma bakanikan farko na Azare da Yana da suka koyi aikin Vespa da hannu ba da littafi ba. Sunayen da jama'a suka laƙaba wa kowane samfuri, da kalmomin garejin gyara, da kirarin da ke bayan babura, duk taska ce ta harshe da ba ta cikin ƙamus. Muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri su ɗauki littafi da na'urar ɗaukar magana su nufi tasha da gareji. Abin da ba a rubuta ba, ranar da mai shi ya kwanta dama, tare da shi ake binne shi.