Wace babbar manhaja ta dace da uwar garken rumbun bayanai?

Rajistar masu zaɓe da asusun banki da fayil ɗin majinyata duk a rumbun adana bayanai suke zaune, shi kuma rumbun yana kan babbar manhajar da ke sarrafa kwamfuta, wato Linux ko Windows Server. Zaɓen samfurinta aikin injiniyoyi ne, amma idan aka yi kuskure, masu bayanan ne ke kwana a ciki.

Abin dubawa na farko shi ne wa'adin gyaran tsaro. Ubuntu na fitar da samfuri mai dogon zango duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, da kulawar shekara biyar kyauta: na 22.04 zai kai 2027, na 24.04 kuma 2029. Red Hat Enterprise Linux na ba da shekara goma, amma da kuɗi. Da zarar wa'adi ya cika, duk ɓarakar da aka gano daga baya a buɗe take ga masu kutse. Windows Server 2012 ya shiga wannan hali a Oktoban 2023.

Alƙawarin ma yakan tashi. An tsara CentOS 8 zai kai 2029, sai Red Hat ya yanke shi a ƙarshen 2021, lamarin da ya haifar da Rocky Linux da AlmaLinux. CentOS 7 ya bi sahu ranar 30 ga Yunin 2024.

Sai dai gaggawar komawa sabon samfuri ma tana da tarko. A 2018 aka fitar da glibc 2.28, wadda ta sauya ƙa'idar jera haruffa. Wanda ya kwashe fayilolin PostgreSQL daga CentOS 7 zuwa samfuri na 8 ko sama, ko daga Ubuntu 18.04 zuwa 20.04, bai sake gina fihirisa ba, yana iya neman suna a ce babu shi alhali yana nan, ko mutum ɗaya ya shiga sau biyu, kuma babu gargaɗin da zai fito. A rajistar jama'a wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Abin da ya fi hikima shi ne a ɗauki samfuri mafi sabunta cikin waɗanda masu manhajar rumbun suka amince da su a rubuce, a gwada shi a na'ura ta daban kafin ƙaura. A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, don haka ɗan jarida na da hurumin tambayar hukuma wane samfuri take amfani da shi, da ranar da wa'adinsa zai ƙare.