Ƙofar Titus da Hikimar Masassaƙan Rum

A shekara ta 70 Miladiyya rundunar Rumawa a ƙarƙashin Titus ta ci birnin Baitul Muƙaddas bayan doguwar ƙawanya, ta ƙone Haikalin Bani Isra'ila, ta kwashe abin da ke ciki ganima. Da Titus ya rasu a shekara ta 81, sai ƙanensa Domitiyan, wanda ya gaje shi a sarauta, ya sa aka gina masa ƙofa ta dutsen marmara mai siffar bakan gizo a kan hanyar da ake kira Tafarki Mai Tsarki a birnin Rum, domin zikirin wannan nasara ya tabbata bayan mutuwar mai ita.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne allon da ke gefen kudu a cikin ƙofar, inda aka sassaƙa sojoji sanye da kambin ganye, suna ɗauke da alkukin zinariya mai rassa bakwai, da teburin gurasar ibada, da kakaki na azurfa. Masassaƙin bai yarda ya jera mutanen nan a sahu ɗaya ba. Waɗanda ke gaba ya fito da su har suka kusa rabuwa da dutsen, na bayansu ya rage musu tudu, na can ƙarshe kuwa ya ɗan zana su kawai a fuskar bango, sannan ya zurfafa tsakiyar allon, ta yadda duk wanda ya tsaya a gabansa zai ga kamar ayarin ya nufo shi, ya karkata, ya shige wata ƙofa da aka sassaƙa a karkace. Haske da inuwa su ke ƙarasa aikin, gwargwadon yadda rana ta juya. Wannan, a ganina, ita ce gwanintar da ta fifita allon nan, ko da yake ita ce kuma ta jawo masa asara, domin kawunan da suka fi fitowa su zamani ya fara karyawa. Binciken da aka yi a 2012 ya gano ɓurɓushin launin rawaya a jikin alkukin, hujjar cewa da fenti aka ƙawata shi tun asali.

Allon arewa kuwa ishara ce tsantsa bisa aƙidar Rumawa ta wancan zamani: Titus a kan karusa mai dawaki huɗu, Nasara cikin surar mace mai fukafukai tana ɗora masa kambi, alhali a rufin ƙofar gaggafa na ɗauke da shi zuwa sama, alamar sun shigar da shi cikin gumakan da suke bauta wa.

Da aka zo gyaran ƙofar wajen 1821, magini Giuseppe Valadier ya cike gurbin abin da ya rushe da wani dutse dabam, ya kuma sauƙaƙa adonsa da gangan, don mai nazari ya iya bambance aikin magabata da na masu gyara.