FIJO 504 DA TUƘIN JIRA A HANYAR FUNTUA ZUWA MALUMFASHI

Maƙalarmu ta wannan mako ta samo asali ne daga wata muhawara da muka tarar ƙannenmu suna yi a kan wasan tseren mota na kwamfuta, irin wanda ake haɗa masa sitiyari da birki kamar motar gaske. Kukansu ɗaya ne: duk sanda suka ɗauki tsohuwar mota mai laushin sifirin, da sun shiga kwana sai ta watsar da su. Muka yi dariya, domin abin da suke nema a intanet tsofaffin direbobin tashar Funtua sun san shi tun kafin a haife mu.

Auduga ce ta fara tara motoci a wannan yanki. Turawan kamfanin BCGA sun kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, har yau ma akwai unguwar Bisije a Funtua, kuma layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa garin ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Amma shekarar da ta fi damunmu ita ce 1975. A cikinta aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, wanda ya shimfiɗa hanyoyin burji zuwa ƙauyuka. A cikinta kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. A cikinta kuma wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci gasar Safari ta Kenya da Peugeot 504, motar da mu muke kira Fijo.

An ƙera ta a Faransa a 1968 da dogon sifirin mai laushi, shi ya sa take haɗiye rami da gargada ba tare da ta karya ƙugun fasinja ba. Sai dai laushin nan yana da farashi. Idan direba ya taka birki, nauyin motar yakan koma gaba, hancinta ya duƙa, bayanta ya yi sakayau. Idan ya karya sitiyari, jikinta yakan kwanta gefe guda. Mota mai tauri nan take take gama wannan motsi, ita kuwa Fijo sai ta ɗauki lokacinta. Don haka gwanin direba yakan gama birkinsa tun yana kan miƙaƙƙiyar hanya, ya saki a hankali har hancin ya ɗago, ya karya kan motar sau ɗaya, ya jira ta zauna a kan tayoyin waje, sannan ya ba ta wuta kaɗan-kaɗan, tunda da tayoyin baya take ja. Wanda ya firgita ya fizge sitiyari zuwa ɗaya gefen, sifirin ɗin da ya danne zai mayar masa da martani, bayan motar ya wulwulo. To ka ƙara mata buhunan masara a saman rufi da fasinja cike da layi uku na wagon, ranar kasuwa, a saman burjin da ruwan Agusta ya jiƙa. Nan ba wulwulawa kaɗai za a yi ba, kifewa ce.

Gargada kuma da nata karatun. Mai tafiya sannu yakan sha girgiza har haƙora, mai ƙara gudu zuwa wani mataki sai ya ji motar ta lafa kamar tana shawagi, amma a lokacin tayoyin ba su riƙe ƙasa sosai ba, birki ba ya ci yadda aka saba. Babu makarantar da ta koyar da wannan. Yaron mota ne yake zaune kusa da maigidansa shekara da shekaru, yana kallon ƙafa da hannu, kafin a yarda a miƙa masa makulli.

A nan ne muke da ƙorafi a kanmu, mu masu rubutu. Sau nawa muka karanta labarin da direba ya "figi mota da gudun tsiya", shafi na gaba kuma sai asibiti? Haɗarin yana nan, amma ba a nuna mana ƙafar da ta makara ko hannun da ya yi gaggawa ba, direban ma ko suna ba shi da shi. Alhali rayukan mutum takwas ko tara suna rataye ne a kan daƙiƙa ɗaya da ya jira ko ya kasa jira a wata kwana bayan Bakori.

An daina harhaɗa 504 a Kaduna, Golf da Sharon da Hiace sun karɓe lodi a tasha. Da yawa daga direbobinta sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka rage suna nan a bencin 'yan kamasho, kuma mun gwada: kofin shayi ɗaya da tambaya a kan Fijo sun isa a yi hira har kiran la'asar.