Daga zaren rama zuwa nailan: tarihin ƙugiya a Kogin Haɗejiya

Yau hirarmu a kan fatsa ce, wato sanda da zare da ƙugiya. Kar ku raina ta, domin tarihin koginmu yana ɗaure a jikinta.

Ni jikan masunta ne daga ƙasar Ringim. Kakana ya ce a zamaninsu maƙeri ke ƙera ƙugiya, zare kuwa da rama ko auduga ake murza shi. Totuwar kara ce ke yawo a saman ruwa, tana ce koto. In tarwaɗa ake nema da yawa, sai a shimfiɗa mamari, doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, ta kwana a ruwa. Zaren rama yana ruɓewa, don haka kullum sai an shanya shi an duba. Wannan wahalar ita ke taƙaita yawan kamu.

Sai nailan ya shigo. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a 1935, daga baya ya iso kasuwanninmu tare da ƙugiyar kanti. Ba ya ruɓewa, kifi ba ya ganinsa sosai. Kowa ya zama masunci.

Shi ma kogin ya sauya. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ambaliyar da ke cika fadamun Miga da Auyo, inda kifi ke ƙyanƙyasa, ta ragu. Ruwa ya daina ƙafewa da rani a wasu wuraren, kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi.

To a nan ne mahaifina ya sauya ɗauri. A da, dalma a sama take, ƙugiya a ƙarshen zare, sai koto ya nutse cikin laka da ciyawa. Shi sai ya mayar da dalma ƙarshe, ya ɗaura ƙugiya kamu ɗaya a samanta. Dalma ta zauna a ƙasa, koto na rawa a idon kifi. In ta maƙale, dalmar kaɗai za ka rasa. Da na girma na tarar masu kamun kifin bas a Japan da Amurka suna da irin wannan ɗaurin, wanda ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1990. Matsala ɗaya, dabara ɗaya.

Abin da ke damuna yau, a madatsar Warwade kusa da Dutse ko a kogi, in ka ga an ja gidan sauro a matsayin taru, an kwashe har 'ya'yan karfasa. Ita ƙugiya zaɓe take yi: girmanta ke faɗin girman kifin da za ta kama. Wanda ya cinye iri, me zai shuka baɗi?

Ku gaya mana yadda ake ɗauri a garinku. Sai mun haɗu a kashi na gaba, ku huta lafiya.