Mafarin Waƙa a Ƙasar Jankiɗi: Iskoki, Gado da Baiwar Allah

Rawayya, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, gari ne da masu nazarin waƙar baka ba sa tsallakewa, domin nan ne mahaifar Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, wanda ya rasu a 1973. Ba shi kaɗai ƙasar Zamfara ta haifa ba. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, Musa Ɗankwairo na Maradun, Sa'idu Faru da Kassu Zurmi kuwa sunayensu sun faɗi garuruwansu. Waɗannan mutane ba da alƙalami suke tsara waƙa ba, amma sun bar abin da har gobe ake karantarwa a jami'o'i. To daga ina waƙar take zo musu? Amsar da makaɗan da jama'arsu suka riƙa bayarwa ta yi ta sauyawa, kuma duk wanda ya bi sawunta zai ga tarihin addini da sarauta na wannan yanki.

Amsa mafi tsufa tana wajen iskoki. Dutsen Kwatarkwashi, wanda ke ƙasar Bunguɗu, ya daɗe da yin suna wajen tsafin Magiro da bikin kamun maiki, tun zamanin da Maguzanci ke da ƙarfi a karkara. A wajen 'yan bori, kowane iska yana da takensa da kirarinsa: Sarkin Rafi da nasa, Ɗangaladima da nasa, haka Inna da Kure. Mai garaya ko mai goge ba ya ɗaukar taken a matsayin abin da ya ƙaga da kansa. Na iskan ne, shi dai aikinsa kira, kuma in bai kaɗa shi daidai ba iskan ba zai hau ba. Daga nan aka gaji zaton cewa duk makaɗin da fasaharsa ta wuce misali yana da aljanin da ke ba shi waƙa. Ko Mamman Shata na ƙasar Katsina bai tsira daga irin wannan magana ba.

Tare da wannan akwai gado da sana'a. Manoma suna da gangar noma a wajen gayya, mahauta da 'yan dambe suna da kalangu, maharba da 'yan tauri suna da nasu kiɗan. Manufar waƙa a nan ita ce ta tsima mutum, ta sa ya yi abin da ba zai iya ba in babu kiɗa. Yaro yana tashi a gidan kiɗa, ya fara da ɗaukar kaya, ya shiga amshi, sannan a ba shi ganga. Haka Ɗankwairo ya taso a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda da yayansa Abdu Kurna, kuma shi da Narambaɗa duk sun yi kiɗan noma kafin fada ta san da su. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Musulunci ya daɗe a yankin, domin Yandoto ta ƙasar Tsafe cibiyar malamai ce tun kafin jihadi. Amma zuwan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, da jihadin da ya fara a 1804, su suka sauya matsayin makaɗi. Malaman jihadi sun soki bori da kiɗan shashanci da cakuɗuwar maza da mata a dandali. Duk da haka ba su ƙi waƙa ba. Shehu da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun tsara waƙoƙin wa'azi da begen Annabi, kuma da su aka isar da karatu ga waɗanda ba su iya Larabci ba. Tamburan sarauta da kiɗan yaƙi ma sun ci gaba. Sai makaɗa suka shiga sabon yanayi da sabuwar fahimta: fasaha baiwa ce daga Allah, Shi ke ba wanda Ya so. Ambaton Allah da salatin Annabi da roƙon basira suka samu wuri a bakinsu. Ubangidan da ake yabo ya zama ana auna shi da adalci da riƙon addini da kyauta, ba ƙarfin takobi kaɗai ba. Tsohon imani bai ɓace sarai ba, sai dai neman tsari da farin jini ya karkata zuwa zauren malam, wajen addu'a da rubutun sha da laya.

Cewa baiwa ce bai sa sun naɗe hannu ba, domin Hausawa na cewa Allah Ya ce tashi in taimake ka. Makaɗin fada yakan fara da bincike. Zai zauna da tsofaffin fadawa ya ji salsalar ubangidansa: wa ya haife shi, wane kaka ya yi wane yaƙi, wa ke neman sarautar a ɓoye don a tanadar masa habaici. Sannan ya nemo gindin waƙa, wato 'yan kalmomin da za a riƙa komawa kansu, waɗanda in sun zauna sauran aiki ya zo da sauƙi. Idan dare ya yi aka natsu, sai ya tara yaransa. A gyara naken da ke fatar taushi ko kotso har amo ya daidaita, jagora ya rera gindin, 'yan amshi su karɓa. Ya jefa ɗa guda, wato baitin waƙa, su ƙarasa masa. Inda kalma ta yi wa kiɗa nauyi a sauya ta, wani lokaci ma daga bakin ɗan amshi gyaran zai fito. A yi ta maimaitawa har ta zauna a ka. Ranar salla ko naɗin sarauta, in jagora ya hango wani baƙo, nan take zai ƙulla masa ɗa, yaran su cafe kamar sun daɗe da saninsa. Wannan ƙullin nan take shi jama'a suka fi gani, shi ya sa suke danganta abin da aljanu, alhali ba su ga daren da aka raba ana gwaji ba.

A fadar Sakkwato ne wannan haɗuwa ta addini da sarauta ta fi fitowa. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988, jinin Shehu ne, don haka yabonsa a bakin Jankiɗi yabon gida ne mai tushen malanta da jihadi. Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa ya ɗauki waƙa tamkar fannin ilimi, kuma waƙarsa Bakandamiya shaida ce. Sa'idu Faru har laƙabin malamin waƙa ya samu. Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa Yandoton Tsafe, wato sarkin Tsafe, da Sardauna Ahmadu Bello waƙoƙin da suka game Arewa, musamman bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sannan kaset ya kai muryoyinsu kasuwanni da tashoshin mota. Daga baya masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero suka tattara tarihinsu, har ya rubuta littafi sukutum a kan Jankiɗi.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, aka kuma fara aiki da shari'ar Musulunci a 2000, muhawara kan halascin kiɗa ta sake tashi. Matasa sun koma situdiyo da fiyano da kwamfuta, sha'irai masu bege sun yawaita, kuma mafi yawansu suna cewa baiwa ce Allah Ya ba su. Gaskiya ne, amma magabata sun haɗa baiwar da sanin tarihi da zurfin Hausa da haƙurin shekaru a bayan jagora, kuma wannan ɓangaren ne ke neman kuɓucewa. Rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da dama, gayya ta ja baya, tsofaffin 'yan amshi suna ta ƙarewa. Waƙoƙin suna nan a faifai, amma yadda aka yi su yana cikin kawunan waɗannan dattawa da zuriyarsu. Ya kamata jami'o'i da gidajen rediyo da masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu su je gare su da na'urar ɗaukar magana tun suna da rai, su tambaye su dalla-dalla yadda ake neman gindin waƙa da yadda ake ƙulla ɗiyanta, a adana domin masu tasowa.